Ƙarfe ko inji? Ku ba ni shawara kafin in biya kuɗin wata

Sabon Shiga: Salam jama'a. Ina so in fara jim, wato wurin motsa jiki, ƙarshen watan nan, wuri biyu na gani. Ɗaya injuna ne cike da shi har da AC amma da tsada, ɗayan na bayan layinmu ne, barbel (doguwar sanda mai faifan nauyi gefe biyu) da dambel (ƙaramin na hannu ɗaya) da benci kawai, wasu ma na siminti ne. Ni ƙarfi nake so kuma jiki ya fito. Wanne zan shiga?

Ɗan Dambe: Ƙarfe. An gama.

Baban Ilham: Wslm. Kar ka biye wa Ɗan Dambe, shi komai an gama ne a wurinsa.

Ɗan Dambe: Baba ai gaskia ce, inji na masu tumbi ne da suka zo rage ƙiba hhh

Na Ƙofar Mata: Ƙanena tsaya ka ji kafin ka kai kuɗinka. Ni a irin wurin bayan layin nan na fara, inda ake zuba siminti a gwangwanin fenti a soka bututun ruwa a tsakiya, kuma wlh har yau kafaɗata ta dama ba ta koma daidai ba. Matsalar na siminti ba wanda ya san nauyinsa, a ce maka kilo hamsin ne alhali ɓangare ɗaya ya fi ɗaya, kai kana kwance a benci kana ta turawa hannu ɗaya na shan wahala ba ka sani ba. Ranar da abin ya faru da asuba ne ba kowa sai ni, mai wurin ya tafi shan shayi, na ƙara nauyi na sauko da shi ƙirji ya ƙi tashi. Ka san yadda numfashi ke yi in abu ya danne ka, ihun ma ba ya fita. Sai karkata shi na yi gefe ya zame, a nan na ji kafaɗar ta yi ƙas. Aka kai ni wurin mai ɗori ya murɗa ya ɗaure da kara, ashe ba karaya ba ce, jijiya ce ta yage, murɗawar nan ita ta ƙara lalata abin. Sai da na je sashen gashin ƙashi a asibiti sannan na fara iya ɗaga hannu in sa riga. Kuma ka san da me suka dawo da ni? Roba da kebul, irin injin nan da ake rainawa, don shi nauyin a kan hanya ɗaya yake tafiya, in ka gaji ka saki ya koma mazauninsa ba ya faɗo maka a wuya. Ban ce ka guji ƙarfe ba, ni ma yanzu skwat (tsugunnawa da sanda a baya) da dedlif (ɗago sanda daga ƙasa) nake yi kuma su suka ba ni ƙarfin da nake da shi. Amma ka je ka duba da idonka, sandar ta gaske ce mai kilo 20 ko bututu ne, faifan akwai lamba a jiki ko babu, akwai rak, wato mazaunin sandar, mai ƙarfen tarewa, kuma lokacin da za ka riƙa zuwa akwai wanda zai tsaya maka a kai. In babu waɗannan ka bar musu wurinsu ko da kyauta ne.

Baban Ilham: Subhanallah. Allah ya ƙara sauƙi Malam.

Sabon Shiga: Amin. Kai yaya ka tsorata ni fa

Koci: Ba abin tsoro ba ne. Tsoka ba ta san inji ko barbel ba, abin da ta sani ka wahalar da ita kusa da gajiya sannan ka riƙa ƙara nauyi kaɗan kaɗan. In girman damtse da ƙirji ne duk biyun suna yi. Inda suka rabu shi ne ƙarfi, abin da ka saba ɗagawa a nan za ka yi ƙarfi. Mai tura faifai da yawa a leg press, injin da ake turawa da ƙafa, in ka ɗora masa sanda a baya sai ka ga yana rawa, saboda inji ya ɗauke masa aikin daidaita jiki, ƙugu da gadon baya da ƙananan tsokokin kafaɗa ba su koyi komai ba.

Ɗan Dambe: To ka ji! Abin da na faɗa kenan

Koci: Ba shi ka faɗa ba.

Injiniya: Ni dai a duba injin ma. Inda nake zuwa da can kebul ya tsinke wa wani yana jan injin gina tsokar baya, sandar ta buge shi a goshi sai da aka yi ɗinki. Ba sa sa mai, wayar duk ta tsattsage suna kallo. Kuma yawanci gwanjo ne, kujerar ba ta hawa ba ta sauka, in kai dogo ne ko gajere sai dai ka lanƙwasa kanka.

Ɗan Dambe: Arnold Schwarzenegger sau 7 ya ci Mr Olympia, gasar masu gina jiki ta duniya, da barbel ya gina jikinsa. Ronnie Coleman sau 8, ku kalli skwat ɗinsa na nauyin fam 800

Baban Ilham: Ka kuma kalli yadda Coleman ke tafiya yanzu bayan tiyatar baya da ta ƙugu da ya sha. Yaro ya zo neman lafiya kana kawo masa Coleman.

Injiniya: Namu ma ya ci ai, Samson Dauda 2024

Ɗan Dambe: Namu a ina? Tutar Ingila yake ɗagawa

Injiniya: A Najeriya aka haife shi malam, sunansa ma Dauda me kake so kuma

Ɗan Dambe: Ya zo Kano ya ɗaga na siminti sannan in yarda

Koci: Ku bar misali da waɗannan don Allah, sana'arsu ce kuma duniyarsu daban. Tunda an zo nan bari in faɗa, duk wanda ya tare ka a jim ya ce akwai allura ko ƙwayar da za ta fito da kai cikin wata biyu ka gudu. Hanta da zuciya take taɓawa, har haihuwa tana iya shafa.

Maman Twins: Ni fa inji nake yi kuma ba na jin kunya, gwiwata ba ta son skwat. Dambel ƙanana a gida ranar da ban fita ba. Amma ba wanda ya yi masa maganar abinci, ko da iska zai yi kwanjin?

Baban Ilham: Hajiya kin taɓo wurin. Ƙwai yanzu sai wane da wane.

Maman Twins: Awara fa? Wake, ƙosai, nono, gyaɗa, kifi busasshe. Ƙwai ɗaya furotin ɗinsa bai wuce giram 6 ba, kwanon wake mai kyau ya fi shi

Ɗan Dambe: Wake kafin skwat? Hajiya ki tausaya wa na baya

Admin: Ɗan Dambe a kiyaye harshe akwai iyaye a nan.

Sabon Shiga: To ni fa, wanne zan biya

Koci: Wanne ya fi kusa da gidanku? Wanda za ka iya zuwa sau 3 a sati ba fashi shi ne naka. In na bayan layi ne ka fara da sanda ba faifai har bayanka ya koyi miƙewa, kuma benci da dambel tukuna, su in sun fi ƙarfinka sai ka sake su gefe.

Na Ƙofar Mata: Ɗauko mana hoton sandar da rak ɗin ka turo kafin ka ba su ko sisi. Na simintin kar ka kwanta a ƙarƙashinsu.

Injiniya: Koci wai Asabar ɗin nan ana fita gudun ko an ɗaga? Wancan satin ni kaɗai na tsaya a bakin sitadiyam

Koci: Ana nan, bayan sallar asuba. Kai ne ka tsaya a ƙofar da ba ita ba.