Abin da ke bugawa cikin faranti: zuciya ce ko ba ita ba?

Likitan yara, Yamai: Assalamu alaikum. Tun 2021, da ƙungiyar Sasha Mendjan ta birnin Viyana ta rena ƙananan zukata cikin faranti a labo daga ƙwayoyin tushe, wato ƙwayoyin jiki masu iya zama kowane irin nama, ake ta cewa an samu hanyar gane abin da ke sa kusan jariri 1 cikin 100 ya zo duniya da lahanin zuciya. Ni ban yarda ba. Abu ne kamar ƙwayar riɗi, ba jini ke gudana cikinsa, ba ƙofofi tsakanin ɗakuna. Yaron da eko, wato hoton zuciya na na'ura, ke nuna mana huda a bangon zuciyarsa, ta yaya abin da ba shi da bango zai faɗa mana dalili?

Ma'aikaciyar labo, Yamai: Wa alaikumus salam, Likita. Bugawar ba ita ce hujja ba, ƙwayoyin zuciya na bugawa ko a shimfiɗe suke. Hujjar ita ce kogon ciki ya buɗe da kansa, ba mazubi aka yi masa ba. Ga tsarin ƙungiyar Aitor Aguirre ta Mishigan a Amurka: ƙwayoyi dubu 10 a kowane rami na faranti mai rami 96, mai gindin ƙwarya wanda ba ya barin su su manne. Ranar farko a sa sinadarin CHIR99021 mikromola 4, tare da furotin BMP4 da Activin A, awa 24, don kunna siginar Wnt, wato saƙon da ke nuna wa ƙwayoyi irin naman da za su zama. Bayan kwana 2 a kashe siginar da sinadarin Wnt-C59, awa 48. Kwana na 7 a sake taɓa ta da CHIR na awa 1 kacal, shi ke fito da fatar waje ta zuciya. Kunnawa, kashewa, kunnawa: jerin da tayi ke bi ke nan.

Malamin ilimin halittu, Tawa: Hajiya, ki faɗa masa inda ake faɗuwa ma. CHIR ba shi da faɗin wuri: in ya yi kaɗan ƙwayoyin ba su shiga hanyar zuciya, in ya yi yawa su mutu ko su zama wani nama dabam, kuma awon da ya dace da ƙwayoyin wannan mutum ba lallai ya dace da na wancan ba. Insulin cikin ruwan reno a kwanakin farko yana danne fitowar zuciya, shi ya sa ake amfani da B27, wato ƙarin abincin ƙwayoyi, marar insulin. Sannan iskar oksijin ba ta ratsa nama fiye da mikromita 200 haka, wato kashi 1 cikin 5 na milimita, in abin ya girma tsakiyarsa sai ta ruɓe.

Likitan yara: To ga shi, Malam, da bakinka. Kuma naman ɗanye ne, da sukari yake rayuwa, zuciyar babba kuwa kitse take ƙonawa.

Ma'aikaciyar labo: Wannan ɗanyantakar ce muke nema, Likita! In maganin hawan jini na dattijo za a gwada, na yarda aibi ce. Amma zuciyar tayi tana fara bugawa wajen kwana na 22, lokacin da uwar ba ta ma san tana da ciki ba, ba eko ɗin da zai leƙa can. Ƴan Mishigan sun ƙara sukari da insulin cikin ruwan reno don kwaikwayon mai cikin da ke da ciwon sukari tun kafin ta ɗauka, tsarin naman ya hargitse. Kai ka fi ni sanin yawan irin waɗannan uwayen.

Likitan yara: Wannan na karɓa. Bango fa? Sai wajen mako na 7 zuwa 8 yake gama rufewa.

Malamin ilimin halittu: A 2023 ƴan Viyana sun rena ɗakin sama da ɗakunan ƙasa kowanne dabam, suka jera su suka haɗe, siginar bugu ta riƙa wucewa daga wannan zuwa wancan. Sun sa talidomid, maganin da aka san yana nakasa tayi, sun ga wane ɗaki ya fi cutuwa.

Likitan yara: Hannun mutum ne ya jera su, ba su suka naɗe kansu ba. Naɗewar bututun da zuciyar tayi ke farawa da shi zuwa dama da rufewar bango, can cututtukan da nake gani suke.

Ɗalibar likitanci, Yamai: Malamaina, gafara dai. Ƙwayoyin nan daga tayi ake cire su?

Ma'aikaciyar labo: Ba dole ba ne, ƙanwata. Tun 2007 Shinya Yamanaka na Japan ya nuna ana mai da ƙwayar fatar babba ta koma ta tushe da sinadarai 4, yanzu har daga jini ake yi. Kuma akasarin ƙwayoyin da ke hannun masu bincike na Turawa ne. Yaro ɗan Ader mai lahanin gado, sai an rena nasa za a ga nasa.

Malamin ilimin halittu: Sai dai a fara da wuta. Akwatin reno na son digiri 37 da iskar karbon dayoksaid kashi 5 cikin 100, dare da rana, makonni. Ruwan reno da magungunan kuwa a sanyi suke tafiya tun daga inda aka sayo su, in sanyin ya yanke a hanya BMP4 ya lalace, ba za ka gane ba sai kwana 10 sun wuce faranti shiru.