Me ya sa gwamnonin Amurka suka yawaita yin afuwa a ƙarni na 19?

Bilkisu: Assalamu alaikum. Ina nazarin tarihin gidajen yari a Amurka, kuma na lura cewa a ƙarni na 19 fursunoni da iyalansu sun fi kai kukansu wurin gwamnan jiha. Mene ne ya jawo haka, kuma su wa ke rubuta takardun neman afuwar?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Malama. A wancan zamani kusan ƙofar gwamna kaɗai ta rage wa wanda aka ɗaure, domin damar ɗaukaka ƙara ba ta da faɗi, tsarin sakin fursuna bisa sharaɗi kuma bai kankama ba sai bayan buɗe gidan gyaran hali na Elmira a jihar New York a 1876. Akwai kuma cunkoso. A kurkukun Newgate na birnin New York, wanda aka buɗe a 1797, an riƙa yi wa wasu fursunoni afuwa don a samar wa sababbi wuri. Takardar kuwa, yawanci uwa ko matar fursuna ko lauya ne ke yawo da ita a gari ana sa hannu, kuma ta fi nauyi idan alƙalin da ya yanke hukuncin da mai gabatar da ƙara sun goyi baya.

Hajiya Rabi: Abin da ke damuna, Malam, shi ne wanda yake da uwa a gindin murhu ya fi saurin fita, baƙo marar dangi kuwa ya ruɓe a ciki. Irin wannan ƙorafi na cikin dalilan da suka sa tsarin mulkin jihar Pennsylvania na 1874 ya hana gwamna yin afuwa sai da shawarar hukuma ta musamman.

Usman: Gaskiya ne, Hajiya, amma an samu gwamnan da afuwa ta kasance cikin abubuwan da suka ci kujerarsa saboda ya tsaya kan adalci. Bayan tashin bam a taron ma'aikata a dandalin Haymarket na birnin Chicago a 1886, an rataye mutum 4 daga cikin waɗanda aka yanke wa hukunci a 1887. A Yunin 1893 Gwamna John Peter Altgeld na jihar Illinois, inda Chicago take, ya saki 3 da suka rage a kurkuku, ya kuma bayyana a rubuce cewa alƙali Joseph Gary ya nuna son kai a shari'ar. Jaridu suka yi masa ca, sannan ya faɗi zaɓen 1896, inda wannan afuwa ta kasance cikin abubuwan da abokan hamayya suka yaƙe shi da su.