Wa ya taɓa rasa bayanai wajen mayar da List (jerin abubuwa) zuwa Map (ma'ajiyar da ke haɗa kowane makulli da bayaninsa) a Haskell, yaren rubuta shirin kwamfuta?

Ɗan Kwari: Salamu alaikum. Jiya ban runtsa ba. Ina rubuta ɗan shirin lissafin cinikin shagon yayana. Na karanto layi 412 daga fayil, kowanne da sunan kaya da kuɗinsa, na zuba su cikin `Map.fromList`. Da na haɗa jimla sai kuɗin ya ƙi kai na littafin Yaya, ko kusa. GHC, manhajar da ke fassara shirin Haskell, kuwa bai ce uffan ba. Sai da asuba na gano cewa in makulli ɗaya (a nan, sunan kaya) ya zo sau biyu, na ƙarshe kawai ake riƙewa. An sayar da atamfa iri ɗaya sau 30, ni ciniki ɗaya nake gani. Akwai wanda hakan ta taɓa samu?

Malamar Lissafi: Wa alaikumus salam. Ni `Set.fromList` ce ta yi min, don Set ba ta riƙe abu ɗaya sau biyu. Makin ɗalibai na zuba ciki don ya fito a jere daga ƙarami zuwa babba. Ya jeru kam, amma yara shida da suka ci 55 sun koma mutum ɗaya, matsakaicin maki ya lalace. Har na kai sakamakon ofis kafin na lura. Yanzu `sort` kawai nake yi.

Baban Yara: Ɗan Kwari, `Map.fromListWith (+)` ne maganinka, zai tara kuɗin kowane kaya. Amma ka kula in jeri kake tarawa da `(++)`: sabon ne ke shiga gaba, don haka cinikin yamma zai riga na safe. Na yi kwana biyu ina zargin fayil ɗina kafin na sa `reverse` ya juya jerin.

Bazazzagiya: Mu ma masu amfani da yaren Scala ba mu tsira ba. `toMap` na ƙarshe yake riƙewa. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne tsari: Map mai abu huɗu ko ƙasa yana fito da su yadda aka zuba, daga na biyar sai ya koma HashMap, wani nau'in Map da ba ya bin tsarin zubawa, tsarin ya watse. Ni kuma da abu uku na yi ta gwaji.

Ɗan Kwari: Allah ya saka da alheri, Baba. Na sa `fromListWith (+)`, jimla ta zo daidai da littafin Yaya har kwabo. Malama, na duba, ni ma ina da Set a wurin farashi. Yanzu zan cire ta.