Wa Zai Biya Kuɗin Asibiti?

A hirar da muka yi a majalisa, an daɗe kan alkawarin Abuja na 2001 da ƙasashen Afirka suka ɗauka, wato ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, wanda gwamnatin tarayyar Najeriya ba ta taɓa cikawa ba. Mafi yawa sun ce a fara da talaka, a riƙa sakar wa asibitocin sha-ka-tafi kuɗinsu kan lokaci. Wasu suka ce tunda dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, kowa ya yi rajista. To, mai tallar goro da me zai biya? Aka kuma ja kunne da misalin Nijar: ta mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, amma jinkirin biyan asibitoci ya sa magani ya riƙa yankewa.