Maganin yoyon mai na gwangwani, yana aiki kuwa?

Baban Ilham: Salam 'yan uwa. Corolla ɗina 2006 ce take ɗigar baƙin mai, kullum da safe sai in tarar da tabo kamar faɗin tafin hannu daidai inda inji ya haɗu da giyabos. Bakanike ya ce sil ɗin bayan inji ne, wato robar da ke hana mai fita, dole a sauke giya, ni kuma wallahi wata ya yi nisa. Wani a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ya nuna min wani gwangwani wai a zuba cikin mai yoyo ya tsaya, akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Ɗan Fanteka: Wa alaikumus salam. Ni dai ban yarda da su ba, kuɗi kawai za ka zubar

Oga Sani Bakanike: A'a kar mu yi musu kuɗin goro. Alhaji sil roba ne, in ya daɗe yana shan zafin inji sai ya bushe ya ƙanƙance, shi maganin abin da yake yi ya tausasa robar ta ɗan kumbura ta sake kama ƙarfen. To in bushewa ce kawai yana iya rage ɗiga sosai. Amma in sil ya yage ko ya ci rami a jikin karanshaf, wato ƙarfen da yake juyawa a cikin sil ɗin, ko jarka guda ka zuba ba abin da zai yi. Kuma ba nan take yake aiki ba, na kamfanin Liqui Moly ma sun ce sai ka yi tafiyar kilomita 600 zuwa 800, mutane sai su zuba yau gobe su ce na bogi ne

Baban Ilham: To oga ya zan gane bushewa ce ko yagewa?

Oga Sani Bakanike: In ɗiso ne kaɗan kaɗan gwada. In kana ƙara lita duk sati, sauke giya kawai, kuma in manuwal ce man yana iya taɓa kulochi ya fara sulɓi. Amma kafin komai a wanke injin tas a duba, sau nawa ana kawo min mota wai sil ɗin baya ashe gasket ɗin murfin sama ne yake zuba man ya gangaro ta baya, aikin da bai kai awa ɗaya ba. A duba PCV ma, wato bawul ɗin da ke fitar da iska daga cikin inji, in ya toshe iska ce take taruwa a inji ta turo mai ta sil, ko sabo ka sa sai ya sake

Direban Sharon: Maganin yoyon mai da sauƙi, na lagireto ne nake jin tsoro. Bara a hanyar Zariya lagireto na ya fara tsiyaya na zuba gwangwani biyu don sauri, yoyo ya tsaya kam amma bayan sati biyu mota ta fara zafi, da aka buɗe sai ga abu kamar kunu ya toshe rabin layukan. Laifina ne dai, ɗaya aka ce na zuba biyu

Ɗan Fanteka: Hhhh gara ɗanyen ƙwai da garin barkono na iyayenmu direbobi

Oga Sani Bakanike: Ai kusan dabara ɗaya ce, ƙananan abubuwa ne suke bin ruwa su cushe huda, ba ruwansu da wacce huda ce. Ya kai ka gida ne kawai, kana isa a yi faci a wanke lagireto

Maman Sadiq: Don Allah oga tawa farin hayaƙi take ta salansa kuma ruwa yana raguwa, aka ce akwai maganin tof gasket, wato gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, in saya?

Oga Sani Bakanike: Hajiya zaro sandar gwada mai ki gani, in man ya koma kalar shayi da madara ruwa ya riga ya shiga, kar ki ƙara tada ta, a jawo ta gareji

Baban Ilham: Na gode oga, gobe in sha Allah zan kai a wanke injin tukuna. Tawa otomatik ce ma

Maman Sadiq: Innalillahi, yanzu na duba, kalar shayin ce 😭