Neman shawara: an amince in halarci taron masu gudanar da ƙungiyoyi, ta yaya zan dawo da abin amfani?

Jami'ar rajistar mambobi, Kaduna:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a wannan aiki. Shekara huɗu ke nan ina riƙe da rajistar mambobi a ofishin wata ƙungiyar ƙwararru mai rassa a jihohin Arewa maso Yamma, kuma a zamansa na ƙarshe kwamitin zartarwa ya amince a ɗauki nauyina zuwa taro ɗaya tak a bana. Biyu ne a gabana: taron shekara-shekara na ASAE, ƙungiyar masu gudanar da ƙungiyoyi ta Amurka, wanda aka saba yi a watan Agusta, da taron takwararta ta Afirka, wato AfSAE mai hedkwata a Nairobi.

Abin da ya sa nake fargaba shi ne abin da ya faru da ni bara a wani taro a Abuja. Kwana uku ina zaune a layin baya ina cika littafi da rubutu, na dawo da jaka cike da ƙasidu da katunan mutane ɗaure da roba, kuma har yau suna cikin durowar teburina, ban kira ko mutum ɗaya ba, domin ban tuna abin da ya haɗa ni da kowa ba. Ciwon ofishinmu kuwa yana nan inda na bar shi: mutum ya yi rajista da ɗoki a shekarar farko, lokacin sabuntawa ya zo a neme shi a rasa. Kuɗin da za a kashe mini kuɗin mambobi ne, kuma amana ce a wuyana. Wanne zan zaɓa, kuma me zan yi idan na je?

Tsohon babban sakataren ƙungiya, Kano:

Wa alaikumus salam, 'yata. Kin riga kin faɗi abin da za ki je nema, wato maganar sabunta rajista, sai dai kada ki hau jirgi sai kin san girman matsalar a lissafe. Ki duba yawan mambobin da suka biya kuɗinsu a ƙarshen shekarar da ta wuce, ki cire sababbin shiga na cikin shekarar, ki raba abin da ya rage da yawan waɗanda kuke da su a farkonta. Wannan shi ne kason waɗanda kuka riƙe. Ki sake yin lissafin reshe-reshe, sannan ki ware na 'yan shekarar farko daban. Wanda ya je taro da wannan takarda a hannu, idan ya yi tambaya ana ba shi amsa mai nauyi, domin masu gogewa suna gane wanda ya zo da matsala ta gaske.

Game da zaɓi, ni dai na Afirka zan tura ki. ASAE uwa ce a wannan fage, tun 1920 take, ofishinta yana Washinton, kuma ba na raina iliminta. Amma yawancin abin da za ki ji a can ya ginu ne kan dokar harajin Amurka da kuma mamban da ake cire kuɗinsa daga katin banki kai tsaye duk shekara ba tare da an tuna masa ba. Mu kuwa yawancin ƙungiyoyinmu rajistar amintattu suke da ita a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, mambanmu yana tura kuɗi ta banki ya aiko hoton rasit ta WhatsApp, wani lokaci kuma ma'ajin reshe ya karɓa ya yi wata uku bai turo kason uwar ƙungiya ba, har a sa sunan wanda ya biya cikin waɗanda ake bi bashi. Takwararki daga Akara ko Kampala ta san wannan ciwo ciki da bai, kuma wataƙila ta riga ta samo masa magani.

Sannan kada ki ce sai kin shiga kowane zaure. Ki ɗauki jadawali tun a gida, ki zaɓi zama uku ko huɗu da suka taɓa matsalarki, sauran lokacin ki bayar da shi ga mutane. A tsawon aikina, shawarar da ta fi gyara mini ofis a tsaye na same ta, lokacin hutun shan shayi, daga wani sakatare da ya nuna mini wasiƙar da suke aika wa sabon mamba a makonsa na farko.

Jami'in shirye-shirye, Abuja:

Da girmamawa ga Baba, ban so a rufe ƙofar ASAE gaba ɗaya ba. Ita ce ke bayar da shaidar ƙwarewa ta CAE tun 1960, wadda ake sabuntawa duk shekara uku da sa'o'i 40 na ƙarin ilimi, kuma duk wanda ya ɗauki wannan aiki sana'a ta tsawon rai zai so ya san hanyarta. Inda na yarda da Baba shi ne lissafin bana: kuɗin neman bizar Amurka ya koma dala 185 tun 2023, ba a mayar da shi idan an hana mutum, ga jiran ranar ganawa a ofishin jakadanci. Saboda haka, Malama, ki je na Afirka, ki riƙa bin darussan ASAE ta intanet.

Gargaɗi ɗaya zan ƙara. A rumfunan baje koli za ki haɗu da masu sayar da manhajar rajista, kuma wasu za su ce ki turo jerin mambobinku su gwada miki kyauta. Kada ki tura. Sunaye da lambobin wayar mutane suna ƙarƙashin dokar kare bayanan sirri ta 2023, kuma ba ke kaɗai za ki yanke wannan hukunci ba. Ki tambaye su sunan wata ƙungiya irin taku da ke amfani da manhajar, ki nemi jami'inta ki ji daga bakinsa.

Sakatariyar gudanarwa, Zariya:

Ƙanwata, na karanta maganar layin baya sai na tuna kaina, domin kunyar da aka rene mu da ita ba ta barin mace ta kutsa cikin baƙin maza ta fara gabatar da kanta. Abin da ya taimake ni shi ne fara gaisuwa kafin ranar. Idan masu shirya taro suka fitar da sunayen masu gabatar da maƙala, ki zaɓi mutum biyar, ki rubuta wa kowanne gajeren saƙo ta imel ko LinkedIn, ki faɗi aikinki da tambayarki guda, ki roƙi minti goma. Idan kuka haɗu, kin zama wadda ake jira.

Duk katin da kika karɓa, ki juya bayansa nan take ki rubuta abin da kuka tattauna da abin da kika yi alkawarin aikawa, kuma kada mako ya cika da dawowarki ba ki aika ba. Liyafar dare da ake shan giya ba dole ba ce. Ni karin kumallo nake gayyatar mutane, an fi natsuwa a lokacin. Ki tambayi wurin salla tun a teburin rajista, don kada ki rasa zaman azahar kina yawon nema.

Jami'ar rajistar mambobi, Kaduna:

Allah ya saka muku da alheri. Baba, na yi lissafin jiya da yamma, kuma na ga rassa biyu ne suka fi zubar mana da mambobi, dukansu kuma inda kuɗi ke bi ta hannun ma'aji ne kafin ya iso mu. Da wannan tambaya zan tafi taron AfSAE in Allah ya yarda, kuma na roƙi babban sakatarenmu ya ware mini rabin sa'a a zaman kwamiti na farko bayan dawowata. Yaya ta Zariya, idan ba damuwa, ina so in ga samfurin saƙon da kike aika wa masu maƙala, domin ina son in fara rubuta nawa da zarar an fitar da jadawali.