"Kama da wane ba wane ba": ta hau kan hotunan Hanoch Piven?

Ɗan Birni: Salamu alaikum jama'a. Ga wata mu tauna. Akwai wani mai zanen barkwanci ɗan Isra'ila, Hanoch Piven. An haife shi a Uruguay a 1963, iyayensa suka koma Isra'ila yana yaro, ya yi karatun zane a New York. Shi tarkace yake jerawa har fuskar wani sananne ta fito. Saddam Husaini ya yi masa gashin baki da tsinken ashana. Mawaƙiya Barbra Streisand ya sa mata makirufo a gurbin hanci. Mujallun Time, Newsweek da Rolling Stone duk sun buga aikinsa. Ni dai da na gani cewa na yi "kama da wane ba wane ba". Ta hau ko ba ta hau ba?

Malam Na-Zaure: Wa alaikumus salam. Ɗana, ba ta hau ba. Ana kawo wannan karin maganar ne idan an ba ka madadi ana so ka karɓa a matsayin na ainihi. Ka aiki yaro ya sayo maka atamfa mai kyau, ya dawo da jabu yana cewa ai zanen ɗaya ne. Ko a naɗa ɗan malami limami don ya gaji muryar ubansa, alhali bai gaji karatun ba. Gargaɗi ce ga wanda kama za ta ruɗa. To wa hoton ashana zai ruɗa? Wa zai ɗauka Saddam ne a tsaye?

Ɗan Birni: Allah gafarta Malam, ai ni nufina hoto hoto ne, mutum mutum ne.

Malam Na-Zaure: In haka ne kowane hoto a duniya ta hau kansa, har na fasfo. Karin maganar da ta hau kan komai kuwa ba ta faɗi komai ba.

Maman Iklima: Ina bayan Malam, har ma zan ƙara. Aikin mutumin nan kishiyar karin maganar ne. Babu kama, amma wane ne. Wani lokaci ko ido ba ya sa wa, duk da haka kana kallo ka ambaci sunan. Wadda ta fi dacewa a ganina ita ce "labarin zuciya a tambayi fuska". Ku duba ashanar nan. A 1991 sojojin Saddam sun cinna wa ɗaruruwan rijiyoyin man Kuwait wuta kafin su fice. Mutumin da kaɗan ya rage ya ƙone yanki guda, aka dasa masa ashana a ƙarƙashin hanci, me ya saura a faɗa?

Bazazzagi: Hajiya, a yi haƙuri, nan ma akwai gyara. "Labarin zuciya a tambayi fuska" ana faɗinta ne a kan abin da fuska ta tona da kanta: fushi, murna, rashin gaskiya. Mai fuskar ne ya ba da labarin ba da son ransa ba. A nan kuwa Piven ne ya ɗora labarin a fuskar. Ra'ayinsa muke karantawa. In ya ga dama gobe ya yi wa mutumin kirki haƙora da wuƙaƙe, sai mu ce zuciyarsa ce ta bayyana?

Maman Iklima: Ai in ya yi ƙarya hoton ba zai kama ba, Bazazzagi. Mutane ba za su yi dariya ba sai abin ya yi daidai da wanda suka sani.

Bazazzagi: Ko kuma da abin da suke son su ji.

Gwaggo Ladi: Ni duk wannan bai dame ni ba kamar maganar hancin baiwar Allahn nan. Halitta ce fa. Mu a tarbiyyarmu ba a yi wa mutum dariya da abin da ba shi ya yi wa kansa ba.

Na-Tasha: Gwaggo, ai makaɗan fada ma suna yin zambo, su siffanta abokin hamayyar sarki da ƙirar jikinsa, ba su kama suna ba amma kowa ya gane. Sai dai na Streisand ban ɗauke shi zambo ba. An sha ba ta shawara ta je a yi mata aikin hanci, ta ƙi, ta ce tana tsoron kada muryarta ta canja. To mai zane ya ɗauki abin da ake yi mata gori da shi ya mai da shi makirufo. Ni kirari na gani a nan. Kuma ku tuna Bayahudiya ce, an daɗe ana amfani da zanen dogon hanci a Turai don wulaƙanta Yahudawa, musamman a jaridun 'yan Nazi. Shi ma Piven ya san wannan tarihin sarai.

Gwaggo Ladi: Kirari ko zambo, ɗan nan, in ni aka yi wa ba zan rataya shi a ɗakina ba.

Malam Na-Zaure: Gwaggo ta taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. In dole sai an nemo karin magana, ku gwada "da wasa ake gaya wa wawa magana". Amma ita ma Saddam kaɗai za ta ɗauka, ba za ta ɗauki mawaƙiyar ba.

Ɗan Birni: To Malam, tawa an kayar, ta Hajiya an yi mata gyara, taka rabi ta ɗauka. Bazazzagi, kai da ke ta kushe na mutane, kawo taka mu gani.